'Yata ta ƙi duba hoton kan matar aminina

Assalamu alaikum, Hajiya Rabi'atu. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai, kuma duk wanda na gaya wa a garin nan dariya zai yi mini.

Ni tsohon hedimasta ne, yanzu noman masara da waken suya nake yi a Maska. Ina da 'ya, Zaituna, tana digiri na uku a kan ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Ba yabon kai ba, Hajiya, kaf yankinmu babu irinta. Da kakar bana ta dawo gida don ta ƙarasa aikinta, na kwashe buhunan da ke shagon zaure, na sa mata tebur, na jawo mata wutar sola.

Aikin nata sunansa PPI, kuma na gane shi sarai, don a gefenta nake wuni. Hotunan ƙwaƙwalwar mutane ne jami'arsu ta turo mata, an ɗauka suna kwance cikin na'ura, wani lokaci a sa musu magana su saurara, wani lokaci a yi shiru. Sai ta zaɓi wuri guda a ƙwaƙwalwar, ta ciro yadda yake tashi da sauka, ta haɗa da lokutan sauraron, sannan ta sa manhajar kwamfutarta ta nemo mata sassan da ke ƙara bin takunsa idan ana sauraro. Na ce mata ai gayya ce wannan, kowa na cikin gona, amma sai an buga ganga ake gane wa ke bin sawun wa. Ta ce na fi wasu 'yan ajinsu ganewa. Wallahi ranar ko abinci ban nema ba.

Ta sha wuya kafin abin ya zauna. Ashe jini na'urar take gani, shi kuwa jini yakan ɗan makara bayan ƙwaƙwalwa ta motsa, sai an warware wannan makarar kafin a haɗa lissafin, ita kuma ta tsallake wajen. Ta yi ta tsaki, har ramewa ta yi. Ranar da ta gano, sassan da take nema suka fito ɓaro-ɓaro da launin ja da ruwan ɗorawa a kwamfutar, ta yi ihun da ya sa uwarta ta yar da muciya. Ni kuwa na ɗora hula na nufi majalisa, na gaya musu 'yata tana ganin yadda sassan ƙwaƙwalwa ke zance da juna. Ƙarya na yi?

To ga matsalar. Aminina Alhaji Maitama, wanda tare muka tashi, matarsa Sabuwa ta wayi gari hannu ya yi nauyi, baki ya ɗan karkace. An yi mata hoton kai, likita ya ce su wuce babban asibiti a Zariya. Maitama ya ce me zai kai shi Zariya alhali ga 'yar gida. Ya ɗauko hoton a leda, ya zo da 'yan majalisarmu a bayansa. Zaituna ta durƙusa ta gaishe su, amma ko ledar ba ta buɗe ba. Wai ita ba likitar marasa lafiya ba ce, nata lissafi ne a kan masu lafiya, wannan hoton ma wani iri ne daban, su kama hanya a ranar.

Hajiya, na ji kunya. Maitama ya daina amsa gaisuwata, yana cewa boko ya sa wa 'yata girman kai, wasu kuma na cewa cika baki na yi. Sabuwa na kwance a gida ana shafa mata mai, shi kuwa ya rantse ba inda za su sai yarinyar ta duba. In tilasta mata ta ɗaga hoton ta ce wani abu? Wadda ta warware makarar jini, hoto ɗaya ne zai gagare ta?

Uban Zaituna, Maska

Wa alaikumus salam, Malam.

Da farko ina taya ka murna. Uban da ya kwashe buhunansa ya zauna har ya gane aikin 'yarsa ya cancanci ya ɗaga kai a majalisa. Ba ka yi ƙarya ba, sai dai ka faɗi rabi, mutane suka ƙarasa da abin da suke so.

Alhaji Maitama ma ina yi masa uzuri. Tsoro ne ke cinsa, kuma mai tsoro ya fi son jin magana daga bakin 'yar da ya gani tana rarrafe. Amma kada ka tilasta wa Zaituna. Ai da bakinka ka bayyana mini aikinta: sassan da ke tafiya tare a kan masu lafiya, ba neman inda cuta ta kama ba. In ta ɗaga hoton nan ta ce da sauƙi don ta fitar da kai kunya, Maitama zai gyara zama, kuma Sabuwa ce za ta ɗauki abin a jikinta. Nauyin hannu da karkacewar baki ba abin jira ba ne.

Saboda haka ka ajiye maganar majalisa tukuna. Yau ɗin nan ka nemi mota, ka je ƙofar gidansa da kanka, ko ya amsa sallama ko bai amsa ba. Ka tafi da Zaituna ta raka su, ta riƙa warware musu bayanin likita da Hausa. Wannan kam za ta iya, kuma zai sanyaya masa zuciya.

In kuma an tambaye ka abin da 'yarka ta gani a hoton, ka ce duk cikin waɗanda suka taru a zaurenka ranar, ita kaɗai ta ga mace mai buƙatar asibiti. Ka faɗa da ƙarfi, kamar yadda ka faɗi na farkon.

Allah ya ba Sabuwa lafiya, ya kai ku Zariya lafiya, ya yi wa Zaituna albarka.

Hajiya Rabi'atu