Tabaran Ɗanasabe

Dangora, 12 ga Oktoba, 1956

Zuwa ga aminina Alhaji Dikko, a Bebeji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Yaya ƙafar nan taka? Mu nan sai godiya, gyaɗa ta yi, dawa ta sunkuyar da kai.

Dikko, wani abu ne ya tsaya mini a rai. Ka san ɗana Ɗanasabe na Ƙafin Maiyaki, ka kuma san ɗansa na fari, Uba, wanda aka ba ni riƙo tun ranar yaye. Tun rasuwar matata Saude, yaron nan shi ne duk mutanen gidana. Shi ke ja mini guga, shi ke yi mini tsiya wai haƙorana sun tafi Makka sun bar ni. Ɗanasabe kuwa, saboda kunyar ɗan fari, bai taɓa kiran sunansa ba. Da can sai da salla yake zuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, ko gefen da yaron yake ba ya kallo.

To, kwanan nan kowace Juma'a sai ga shi, a kan keke! Mutumin da ko jaki sai an riƙe masa. Ga baƙin tabarau, ga hula a karkace, ga agogo da yake ta naɗe hannun riga don a gani. Har fito yake yi, da gemunsa. Ba ya shiga zaure. Sai ya zauna daura da inda Uba ke tufka igiya, ya kaɗa ƙararrawa, ya shiga ba bango labarin fitilun Kano.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Ina zargin yaron yake so ya janye. Bakinsa ba zai iya cewa in ba shi ɗansa ba, shi ne ya ɗana tarko a ƙofar gidana. Ka sa ni a addu'a.

Wassalam. Amininka, Maikuɗi.

Dangora, 27 ga Oktoba

Alhaji Dikko,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarka a hannun mai goro. Ka ce tsufa ne ke damuna. Na gode, Allah ya kai ka inda nake.

Saurara ka ji. Na lura mahayin keken nan ƙafarsa ta fi ta mai tallan daddawa ƙura. Jiya sai na je na laɓe a gindin tsamiyar bakin gari. Can na hango shi tafe yana tura keken, gumi sharkaf. Da ya iso ya kaɗe ƙafa, ya zaro tabarau daga aljihu ya maƙala, ya jingina keken da suri, ya hau da bisimilla kamar mai shiga kogi. Haka ya shiga gari yana tangaɗi, kaji na neman tsira. Da na dawo na tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ɗaga kai ya dubi rana.

Da abin dariya ne kawai, da na dara na huta. Amma Uba ya sauya. Ya daina tsokanata, in na kira shi kwaɗon rijiya ba ya ramawa. Yau da safe kuma na tsinci ƙullin kayansa a ƙarƙashin rumbu, riga wankakkiya da buta. Ka ga ashe sun gama shiri, ni ake jira in yi gyangyaɗi. Juma'a mai zuwa zan tare Ɗanasabe, kunya ko ba kunya.

Ka gai da mutanen gida. Naka, Maikuɗi.

Dangora, 16 ga Nuwamba

Aminina Dikko,

Sallama irin ta addini. Ina fatan an gama ɗaukar gyaɗa lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna.

Na tare Ɗanasabe a tsamiya, yana tsakar kaɗe ƙafa. Na ce masa in ɗansa yake so ya faɗa da baki, ya daina razana kajin mutane. Dikko, sai mutumin nan ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido. Ashe ba gidansa ƙullin ya nufa ba. Akwai wani Mainasara, direban babbar motar da ke kwasar gyaɗa zuwa Kano, shi ya yi wa Uba alkawarin yaron mota. Ɗanasabe da kunnensa ya ji yaron a kasuwar Ƙafin Maiyaki yana ce wa tsaransa duk duniya ba namiji sai direba, shi ubansa in ban da fartanya ba abin da ya iya tuƙawa. Kiransa ba dama, faɗa ba dama. Shi ne ya je wurin wani tela ya aro keke da tabarau da mataccen agogo, ko yaron ya ga cewa a gidansu ma akwai abin kallo. Ɗanasabe ya ce a ranar nan da yamma motar za ta yi lodin ƙarshe.

Muka shigo tare, shi a sama ni a ƙasa. Muna isa ƙofar gida sarƙa ta zame, ya kife gaban yaron, hula gabas shi yamma. Ba wanda ya yi dariya, ni ma na haɗiye tawa. Na daka wa Uba tsawa ya gyara wa baƙon nan kekensa, ya kuma raka shi har gida, tunda ya gurɗe ƙafa. Kafin in rufe baki ya mai da sarƙa. Ashe ja'irin ya koyi hawa a tasha. Ya ɗare sirdi, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ɗanasabe ya zauna a baya, ya kama rigar ɗan da bai taɓa ɗauka ba ko yana jariri. Haka suka bar gari.

Mota ta tafi ba da Uba ba, alhamdu lillahi. Sai dai yau mako biyu bai dawo ba. An ce mini kullum da la'asar suna bayan kasuwa, ɗa na riƙe da keke uba na koyo, har yanzu ba mai kiran sunan wani. Abin da nake tsoro ni na aikata shi da bakina. Guga kuma ta yi nauyi.

Saboda haka, in za ka Kano sarin goro, ka tayo mini tocila, babba, mai ƙyalli, irin wadda haskenta ke kaiwa kan giginya. Ni ma gidana a sami abin kallo. Ka naɗo ta cikin tsumma. Kada ka gaya wa kowa. In na ji ka yi dariya, Allah ya isa.

Wassalam. Ni ne amininka har kullum, Maikuɗi.