Injin Jirginka Ya Koma Ruwa, Yaya

Zuwa ga yayana Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan makwancinka da sanyi. Na zauna ne in ba ka labarin injin jirginka, don na san da kana nan, shi za ka fara tambaya kafin lafiyata.

Tun da ka rasu, abokin aikinka Hamani ne ke jan jirgin daga Tondibiya, yana ƙetarar da mata masu kabewa da albasa. Abin da aka samu, da shi matarka Zainabu ke ciyar da yara. Da damina ta ja baya, sai ga Hamani a shagona na unguwar Kale, ya dire mini kwalba a kan keken ɗinki. Man ƙafar injin ne, wato sashen da ke nutsewa cikin ruwa, ya yi fari kamar nono. Ya ce ruwa ke shiga. Ya sauya jon, robar nan mai tare mai, ya sake sauyawa, duk a banza. Wani ɗan kasuwa kuma ya matsa a sayar masa da injin ya farfasa shi kayan gyara.

Yaya, ni tela ne. Kai kake mini dariya cewa ko tocila ban iya kwancewa ba. Na yi ta juya maganar har na kusa amincewa. Zainabu ba ta ce a'a ba. Ta dai ce, "Duk yadda ka gani, Baban Hadiza," ta sunkuyar da kai. Sunkuyawar nan ce ta kai ni bakin gulbi.

Ni da Hamani muka sauke ƙafar injin, muka cire famfon ruwa, muka zare doguwar sandar da ke kai juyi zuwa farfela. Ido bai ga komai ba. Sai na tuna yadda kake yi in an kawo maka ƙarfe: ka goge shi da gefen riga, ka ce, "Kar ka yarda da ido, sa farce." Na sa. Farcena ya faɗa cikin wani siririn rami da ya zagaye sandar, daidai inda leɓen jon ke zama.

Roba da yashin gulbi ne suka ci ƙarfen a hankali. Wannan bai ba ni mamaki ba, na sha ganin zare ya yi wa ƙarfen keke irin wannan tabo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk tsallaken da ka yi yana cikin ramin nan. Har da ranar da ka ɗauko Inna ba ta da lafiya, ka kai ta asibiti a hayin Lamorde, tana riƙe da rigarka tana faɗa ka rage gudu.

Sabuwar sanda irin tasa ba a samunta a Yamai. Wani tsohon turna, mai sassaƙa ƙarfe a bayan babbar kasuwa, shi ya karɓi aikin. Ya goge wurin da takardar yashi mai laushi, ya cike ramin da gam na ƙarfe, sannan ya buga siririn zobe a kai don sabon jon ya samu wuri mai santsi. Lokacin da zoben ya rufe ramin, sai na ga kamar sawunka aka rufe, amma na bar shi ya gama. Yaranka abinci suke buƙata.

Shekaranjiya jirgin ya yini a ruwa. Da yamma Hamani ya kwance ƙusar mai, man ya ɗigo garau kamar zuma.

Zainabu ta zo wurin. Ba ta taka bakin gulbi ba tun ranar da aka kai ka. Ta tsaya nesa da mu, goyo a baya, Hamani ya sake jan igiyar tada inji, injin ya ɗauka. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Muryar ba ta sauya ba." Ban tambaye ta muryar wa take nufi ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yalwata kabarinka, ya raya abin da ka bari, ya sada mu a gidan da ba a rabuwa.

Ƙanenka,
Ila tela