Zoben Adikon Lucien

Ménilmontant, Paris
9 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Maryvonne,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta barin kowa ya huta. Yaya iskar bakin teku, yaya kuma kajinki? Wasiƙa na zaɓa, don a waya ba kya ji, sai in yi ta ihu har maƙwabta su haddace sirrina.

Kin tambayi jikin Lucien. Jiki dai ga shi nan, mutumin da ke ciki ne yake ta raguwa. Mantuwar ta kai inda yanzu a gida "ku" yake ce mini. Shekara arba'in da shida da aure, Yaya, in na kai masa kofi sai ya miƙe tsaye ya ce, "Kun kyauta, Madam." Abincina kuwa ba ya taɓawa. Wai ba ya ci a gidan mutane, matarsa na jiransa. Ranar farko na shiga banɗaki na yi kuka, rana ta biyu na zage shi tas, yanzu kwashe farantin kawai nake yi.

Jiya likita ta ɗora shi a sikeli, kilo hamsin da tara. Ta ce ranar da ya sauka ƙasa da hamsin da biyar, zancen zama a gida ya ƙare, sai gidan kula da tsofaffi. Sabine tana wurin, ta gyaɗa kai da wani irin sauri da bai yi mini ba. 'Yar da na haifa da cikina! Ashe har takardun wani gida can bayan gari suna cikin jakarta.

Abin da ke riƙe da mu yanzu gidan abincin Rolande ne, na kan kwanar layinmu, inda muka kai ki da kika zo bikin Sabine kika ce kujerun sun yi tauri. Sha biyu na bugawa zai ɗauki hularsa, ba sai na ce komai ba. Muna shiga zai nufi kabad ɗin nan mai gida-gida da ke bayan ƙofa, inda 'yan kullum ke ajiye adikonsu na cin abinci, ya sa hannu a lamba goma sha huɗu ba tare da ya duba ba. Adikonsa mai ja da fari na nan cikin zoben katakon da aka ƙona sunansa a jiki, tun yana tuƙa bas, shekara talatin da ɗaya ke nan. Da ya zauna ya cusa shi a wuyan riga sai ya juyo ya ce, "Huguette, me za ki ci?"

Ki, Yaya. Saboda wannan kalma nake hawa tudun nan kullum da ƙafafuna masu kumburi.

Kuma yana ci. Talata naman maraƙi a farar miya da shinkafa, Alhamis naman sa da karas da dankali, Juma'a kifi. Rolande za ta leƙo daga kicin ta ce direba ya makara, fasinjoji sun watse, shi kuma ya ce miyarta ba ta canja ba tun zamanin mijinta na fari, gishirin ne kawai ke ƙaruwa. Gaskiya ya faɗa, hannun matar nan a gishiri ba tsoron Allah, kuma ba ta fi ni iya girki ba, ko da wasa. Amma nata yake ci, to na haɗiye kishina. Ni kaina da ƙyar nake kai loma uku, ina yanka masa nama, ina kallon bakinsa, kafin in waiwayi nawa ya huce.

Ki kula da kanki, ki daina hawa tsani da kanki don Allah.

Ƙanwarki,
Huguette

20 ga Nuwamba

Yaya Maryvonne,

Ina gaishe ki, da fatan murar ta sake ki. Na ga man shanun da kika aiko, na gode, amma ki daina wahala, ba mai ci.

Rolande ta sayar da gidan. Bayanta ya ƙi, ɗanta ya zo ya tafi da ita Limoges. Ba ta iya gaya mini da bakinta ba, a jikin ƙofa na karanta, kamar kowane mai wucewa. Ta kira daga baya tana kuka, na ce ta riƙe kukanta, ni ma ina da nawa.

Mako uku aka rufe ana fenti. Kullum sha biyu Lucien zai ɗauki hula, mu hau tudu, mu tsaya gaban ƙofa a rufe, mu juyo. Da madara da biskit na riƙe shi, su ma sai na ajiye na bar ɗakin, ya ci a ɓoye kamar ɓarawo. Sikeli ya ce hamsin da bakwai.

Litinin aka buɗe. Sabon mai gidan sunansa Thibault, ɗan shekara arba'in, mai gemu da yawan murmushi. Ya cire allon da Rolande ke rubuta abincin rana da alli, ya sa fitilu masu lilo, ya jera adikon takarda a kowane tebur. Inda kabad yake kuwa, madubi ya kafa. Lucien ya shiga ya nufi wurin kai tsaye, ya miƙa hannu, yatsunsa suka taɓa gilashi. Ya daɗe a haka. Mutane na shigowa suna raɓa shi, ni ina bayansa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ja shi muka zauna a teburinmu. Ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran likita. Aka kawo kaza da dankali, ƙamshi har cikin kai, bai ko kalla ba. Da na tura masa cokali sai ya ce in ci kawai, kada in damu da shi, yana jiran wata. Da "ku" ya faɗa. A teburin nan, Yaya, inda bai taɓa yi mini haka ba.

Kin san halina. Na tashi na sami Thibault a kanta, wurin biyan kuɗi, na wanke shi a gaban jama'a. Na ce ya sayi bango da tukwane, amma wa ya ce masa ya sayi mutane? Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Bawan Allah ya tsaya da tawul a kafaɗa har na gama, sannan ya tambaye ni abin da ya faru, don ashe bai ma gane zancen ba. Da na yi masa bayani sai fuskarsa ta canja. Ya ce kabad ɗin masu kwasar tsofaffin kaya sun tafi da shi, amma yana jin ya ga zobban a wani kwali a ɗakin ƙasa, zai duba. Na fito ina jin kunya, ga haushin cewa ban samu mugun da zan tsana ba.

Sabine ta ce in daina jan rai. Na kashe wayar tana cikin magana.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Huguette

11 ga Disamba

Yayata,

Fatan kin tashi lafiya. 

Thibault ya samo zoben. Ya bi kasuwa har ya sami adiko mai ja da fari irin na da, ya kira ni ya ce mu zo ranar Talata, zai dafa naman maraƙi a farar miya don Lucien kaɗai. Na yi murna har na je aka gyara mini gashi, ni da rabona da shagon gashi tun bikin Ista.

Laifina ne abin da ya biyo baya, kuma ba wanda zai sauke mini shi. Na gaya wa mutumin komai game da zoben, ban da abu guda. A gidan Rolande ba a ɗora zobe a kan kanta, dogon teburin nan na biyan kuɗi, sai mai shi ya mutu. Ranar da labari ya zo, za ta ciro shi daga kabad ta ajiye a tsakiyar kanta, ta cika kofin jar giyar inabi ta sa a gefensa, ya wuni a nan. Duk ɗan kullum da ya shigo zai cire hula, ya taɓa zoben, sannan ya je ya zauna. Lucien ya yi wa mutum goma sha ɗaya haka. Na sani sarai, amma ko kusa bai zo mini a rai ba.

Thibault ba shi da kabad, to ina zai ajiye? Ya ɗora a tsakiyar kanta don Lucien ya gani da ya shigo. Kuma don ya kyautata, ya zuba masa kofin inabi a gefe.

Ina ganin haka daga ƙofa na yi wuf zan ɗauke, amma ya riga ni. Ya cire hula. Ya ɗora yatsa a kan zoben, ya karanta sunan a hankali, bakinsa na motsi. Ya tambayi Thibault yaushe abin ya faru. Thibault na murmushi, bai san me ake tambaya ba, ya ce jiya-jiyan nan.

Sai Lucien ya juyo ya dube ni da sabon gashina, ya ce, "Ku ne matarsa, Madam?"

Na ce ni ce.

Ya kama hannuna da nasa biyu. "Allah ya ba ku haƙuri," ya ce. "Na san shi. Kullum yana zancenku."

Ban faɗi ba, kanta na dafa. Da na dawo hayyacina na zare adikon zan sa masa a wuya, ina cewa naka ne, Lucien, kai ne, dube ni. Ya fizge kansa da fushin da ban taɓa gani a gare shi ba, ya ce wace irin rashin ta ido ce wannan, ba a ci da adikon mamaci. Ya mayar da shi cikin zoben da kyau, ya ajiye inda ya same shi, ya sa hularsa ya fita. Abincin na kan tebur yana tururi.

Tun ranar bai ƙara ɗaukar hula da sha biyu ba. Yana zaune gaban taga. Hamsin da biyar da rabi.

Kada ki zo, hanya ba kyau, kuma ba abin da za ki iya.

Huguette

8 ga Janairu

Yaya Maryvonne,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya ƙara miki lafiya. Katinki ya iso, yana kan firij.

Mun kai shi ranar Litinin. Sikeli ya ce hamsin da huɗu, likita ba ta ma buɗe baki ba na ce a ba ni takardar. Ɗakin da tsabta, taga na kallon wata bishiya. Ya gode mini da rakiya. Sabine ce ta durƙushe a wajen ajiye motoci tana kuka kamar ranta zai fita, har ni na riƙe ta. Abin da na rubuta miki a kanta a baya, ki yage shi.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Akwai abin da ban iya gaya wa Sabine ba, ban iya gaya wa Fada na cocinmu ba, ke kaɗai zan gaya wa, don ke kika goya ni kuma kin san ni ba waliyyiya ba ce.

Da na sauko daga jirgin ƙasa sha biyu ta ɗan gota. Ban yi niyya ba, ƙafafuna ne suka hau tudun. Thibault ya gan ni ni kaɗai, bai tambayi komai ba, ya ja mini kujera a wani tebur kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Ya kawo miyar albasa da cuku a narke a kai, sannan cinyar agwagwa da wake.

Na ci, Yaya. Na cinye duka. Shekara biyu rabona da abinci mai zafi a bakina. Ba naman da zan yanka wa kowa, ba bakin da zan kalla, ba lomar da zan ƙirga. Fatar agwagwar na ƙaras-ƙaras, maiƙo na bin haɓata. Na nemi ƙarin burodi na suɗe farantin. Na ci cuku, na ci kek ɗin tuffa, na sha kofi. Mijina na can cikin baƙi da cikinsa wayam, ni ina nan ina lashe yatsa. Na jira baƙin ciki, bai zo ba. Daɗi na ji. Sai da na dawo gida na ga kujerarsa gaban taga sannan na tsani kaina, kuma ko a lokacin ban daina jin daɗin ƙoshin ba.

Talata na koma. Jiya ma na koma.

Ɗazu suka kira daga can. Sun ce har yanzu ba ya ci, in zan riƙa zuwa da sha biyu in zauna kusa da shi lokacin abinci, wataƙila a dace. Na san ba za a dace ba, wata uku na gwada. Amma ba don haka na ba su amsar da na ba su ba. Na ce musu sai ƙarfe biyu nake samun zuwa.

Ki rubuto mini, ko zagi ne.

Ƙanwarki,
Huguette