Rijiyar Lambun Baba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba, da fatan kowa lafiya a Tsanyawa. Ni ma lafiya lau nake nan Fatakwal, aikin gini yana tafiya. Wani abokin aikinmu ne dai ya faɗo daga bene makon jiya, amma kada ki damu.

Inna, Yahya direba ya ce da damina ta ɗauke Baba ya cire kuɓewa ya dasa tumatir a lambun bayan gida, kuma da kansa yake ban ruwa. Kin san yadda yake taka itacen bakin rijiya ya ja guga, ga jirin da ke ɗibarsa. Itacen nan kuwa gara ta cinye cikinsa.

Ni ba zai saurare ni ba. Don Allah ki ɓoye gugan har in dawo. In ya yi faɗa, ki ce ni na sa ki. In tumatirin ya bushe, za mu dasa wani. Inna, na ga yadda ake ɗaukar mutum in ya faɗo.

Allah ya tsare mana ku.

Ɗanki,
Ɗanliti