Auraki Ya Shiga Lakkol

Tasawa, 8 ga Satumba 2025

Zuwa ga Hindu, matar ƙanena marigayi Namadi, a Korgom.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina ƙara yi miki ta'aziyya. Allah ya jiƙan Namadi, ya yafe masa kurakuransa, waɗanda ni da ke mun san ba kaɗan ba ne. Ina fatan ke da ɗiyarku Kausar kuna lafiya.

Na rubuto da hannuna domin kina cikin takaba ba ki fita, ni kuwa ban iya wannan sabon yayi na danna salula mutum ya yi ta zuba kamar mai tallan magani a kasuwa ba.

Maganar ɗaya ce. Ranar da na zo gaisuwa, gawa ba ta kwana biyu a kabari ba, na tarar da samari a gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gidanku sun haɗa kai a kan waya suna ƙyaƙyata dariya. Da na leƙa, ashe wannan shirmen ne da mijinki ya ɗauka shekara goma sha tara da suka wuce, wai shi fim, *Auraki Ya Shiga Lakkol*. Ƙato da gemunsa ya sa kwat, wai shi mushe, malamin lakkol, wato makarantar boko, ya rubuta sunan auraki, jaki ke nan, a cikin ƴan makaranta. Wannan shi ne abin da ƙasar Tasawa da Mayahi ta riƙe kamar gadon kaka. An yi finafinai masu ma'ana an manta da su, amma jaki yana nan. Ban san abin da ya sami kan mutanenmu ba.

Mutum yana kwance yana jiran hisabi, ana ta kwasar dariya da sunansa a tasha da majalisar ƴan shayi. Ni ne babba a gidan nan, nauyin a wuyana yake. Ki aiko mini da faifan asali, na san yana cikin akwatinsa. Ranar sadakar arba'in zan ƙone shi a gaban dangi, ke kuma ki ba da saƙo a sanar cewa iyalin mamaci suna roƙon duk mai shi a waya ya goge. In roƙon ya fito daga bakin mai takaba, ba wanda zai ƙi.

Faifan, ki ba direban motar kasuwa da ya kawo miki wannan takarda. Allah ya ba ki haƙuri.

Yayanku,
Zubairu Na Allah
Tsohon diraktan lakkol

Korgom, 13 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Mushe.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida mutan gida. Na gode da ta'aziyya ta biyu. Ta fi ta farko tsawo, tunda ranar da ka zo ko furar da aka kawo maka ba ka taɓa ba, kafin la'asar ka kama hanya. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ba na lakkol ba.

Samarin da ka gani daga Kona suka taho a amalanken jaki. Sai da suka yi kuka suka gaji kafin su kunna wayar. Akwai Fulani biyu ma da suka baro shanunsu suka tako tun daga wajen Mayahi. Ɗaya ya ce mini: "Inna, mu ba mu san shi ba, amma in munka gaji cikin daji shi muka kunnawa."

Yaya, ba sai ka gaya mini fim ɗin shirme ne ba, ni na dafa wa masu ɗaukarsa abinci. Wanda ya fito a sufeton makarantu mahauci ne gajere. Ana tsakiyar aiki ya tafi Agadas neman kuɗi, aka sa wani dogo a madadinsa ba tare da an yi wa kowa bayani ba. Gajere ya shiga aji, dogo ya fito. Akwai wurin da tsohuwa Rabi'atu ta ratso da itace a ka, ta tsaya gaban kamara tana tambaya ko an ga akuyarta, ba su yanke ba. Akwai inda Namadi ya zauna minti biyar cur yana ɓare gyaɗa, shi da jakin suna kallon juna. Masu ilimi irinku sun ce duk kuskure ne. To, kuskuren nan shi mutane suke jira. Yaranmu da ke Aljeriya da Libiya sun yi ta bugo waya suna gaisuwa, kowa sai ya ce in kewar gida ta kama shi, akuyar Rabi'atu yake nema.

Maganar hisabi kuwa, na aika an tambayi Malam Ƙadri limamin unguwarmu. Ya ce bai ga rawa a ciki ba, bai ji batsa ba, rahamar Allah kuma tana da faɗi. Mai kai saƙon ya ce kafin Malam ya gama amsa sai da ya rufe baki da hannun riga.

Ni dai a cikin faifan nan muryar mijina take. Ba zan sa a ƙone ta ba. Amma in yi tambaya, ba don raini ba: Yaya, ka taɓa kallonsa har ƙarshe?

Allah ya ƙara girma.

Ƙanwarka,
Hindu

Tasawa, 18 ga Satumba

Hindu,

Salamu alaikum. Gaisuwa kamar kullum. Takardarki ta zo, na ga yaƙi da jahilcin ya koya miki har da baƙar magana. Limamin da ke rufe baki da hannun riga kuwa, Allah ya shirye shi da masu binsa salla.

Kin tambaya ko na kalla har ƙarshe. Ban kalla ba, kuma ba sai an shanye rijiya ake sanin ruwanta na da ɗaci ba. Tunda kin taɓo wurin, bari in faɗa miki abin da ban taɓa rubutawa ba.

A 1988 aka tura ni wani ƙauye bayan Mayahi, ina da shekara ashirin da biyu. Ajin rumfar kara ce da zana. Sunaye arba'in a rajista, amma kaka ta yi, duk yaran suna gona. Sati uku ina buga ƙarfe da safe, in tsaya in kira suna ɗaya bayan ɗaya, ba mai amsawa, domin haka doka ta ce a yi. Wani jaki ya saba shigowa shan inuwa. Wata rana, don kada in haukace, na juya na yi masa darasin lissafi tun daga farko har ƙarshe. Kwana biyu bayan haka ya cinye bangon ajin.

Mutum ɗaya na faɗa wa a duniya. Namadi ya kawo mini hatsi daga gida, na zaunar da shi na ba shi labari ina hawaye, ni da nake yayansa. Bayan shekara goma sha takwas sai ga shi ya gayyace ni gidan kallo a nan Tasawa, aka ba ni kujerar gaba. Aka kunna. Sai ga ƙanena sanye da tsohuwar kwat ɗina, wadda Inna ta yi wa faci a gwiwar hannu, yana tafiya irin tawa, yana gyaran murya irin nawa. Ya buɗe rajista ya ce "Auraki!", jakin ya yi kuka, ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya: "Firezan, Mushe!", wato ga ni nan. Minti goma na yi na tashi.

Tun ranar ban sake shiga kasuwar Tasawa ba tare da wani ɗan banza ya yi kiran sunan nan a bayana ba. Na shekara talatin da biyar ina koyarwa. Na yaye likitoci, na yaye sojoji. Ranar da aka yi mini bikin aje aiki, ana tsakiyar jawabi, wani daga baya ya yi kukan jaki, manyan baƙi suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Wannan ita ce kewar gidan da kike faɗi. Mutanen da ba su iya rubuta sunansu ba sun haddace fim tun daga farko har ƙarshe, suna yi wa wanda ya zo koya musu dariya.

E, ba hisabinsa kaɗai ne ya dame ni ba. Na faɗa, kin ji.

Na riga na zagaya wajen masu tura finafinai a waya a nan tasha. Yawancinsu ɗalibaina ne, sun goge a gabana. Saura naku. In faifai bai iso ba kafin arba'in, ku yi sadakarku ba ni, ki kuma shirya amsar da za ki ba dangi in sun tambayi dalilin da babban gida bai zo ba.

Wassalam.
Zubairu

Korgom, 25 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Mushe.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya.

Na karanta takardarka sau uku. Labarin ƙauyen na san shi, amma ban san ka yi kuka ba. Wannan Namadi bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko ni. Ya yi maka laifi, kuma ya san ya yi. Ba zan wanke shi ba.

Amma kai ma a ji naka. Sau uku ya hau kabu-kabu ya zo ƙofar gidanka da faifan nan a aljihu, sau uku aka ce masa kana barci. Na ƙarshe da hantsi ne, yana jin tarinka daga zaure. Ya dawo ya zauna a bakin rumbu, ranar ko tuwo bai ci ba. Mutumin da ya sa ƙasa guda dariya, yayansa ya hana shi ruwan sha.

Kai da ka shekara talatin da biyar kana gyaran takardun yara, in ɗalibi ya kawo maka shafi goma, sai ka duba layin farko ka ba shi ziro? Ɗan kiwon da bai san "a" ba ya zauna ya ga ƙarshen abin, diraktan lakkol bai iya ba. Ka ce dariya suke yi maka. Ni na zauna cikinsu ba sau ɗaya ba. Suna dariya har wurin da sufeto ya zo rufe makarantar. Daga nan ba mai tari. Na ga tsofaffi suna share ido da bakin rawani. Abin da ya faru a wurin ba zan rubuta maka ba, ba aikina ba ne.

Akwai saƙon da na riƙe. Ranar gaisuwa na so in ba ka, da na ga yadda ka ture furar nan sai zuciyata ta ce ba ka cancanta ba. Allah ya yafe mini. Kwana biyu kafin ya cika, ya sa na ciro kwat ɗin daga akwati, ya ce: "Ki maida ma Yaya rigarshi. Ki hwaɗa mishi shi kalla har ƙarshe, in ya so shi ƙone abinshi. Don shi na yi, ban dai iya hwaɗi ba."

Ga kwat nan a cikin ƙunshi, na wanke. Ga faifai. Ga kwalin ashana sabo, don kada ka wahala nema. Na goge na wayata, Kausar ma ta goge nata tana kuka, domin ba zan bari a ce gidan Na Allah ya rabu a kan tabarmar sadaka ba. Sanarwa kuwa, kai za ka yi ta da bakinka ranar arba'in. Nawa bakin ba zai iya ba.

Allah ya huci zuciyarka.

Ƙanwarka,
Hindu

Tasawa, 29 ga Satumba

Hindu,

Salamu alaikum. Ƙunshi ya iso. Kwat ɗin ta yi mini kaɗan.

Na ari na'ura wajen maƙwabcina Maharazu, don in tabbatar da abin da zan ƙone. Ra'ayina bai sauya ba, aikin banza ne. Dogon sufeton bai iya ko riƙe alƙalami ba. Jakin ya fi su duka iya wasa.

Sai dai faifan ya karce. Daidai inda sufeto ya ce a rufe makaranta, mushen ya miƙe, ya cire kwat ya ninke, ya buɗe baki zai yi magana, nan hoton ya tsaya. Na goge shi da auduga, na goge da bakin riga, na mayar sau bakwai. Kullum nan yake tsayawa, bakinsa a buɗe, yana kallona.

Na koma tasha. Yaran nan sun ce ai ni na sa suka goge.

Maganar sanarwa, kada ki faɗa wa kowa tukuna. Ki bincika mini cikin mutanenki marasa aikin yi, na Kona ko Fulanin nan, ko akwai wanda nasa yake nan. In ba zai iya zuwa ba, ni zan je inda yake.

Ashanarki na dawo miki da ita, ba a buɗe ba. Ki aje mini fura ranar arba'in.

Yayan Namadi,
Zubairu