Hannu na ce a karya, gora ta sauka a kunne

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da iyali. Ni ban yi boko ba, wata malamar asibiti ce, baƙuwa a ƙasarmu, take rubuta abin da nake faɗa, kuma sai da na sa ta rantse kafin na buɗe baki. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini. Sunayen da za ku gani ba na gaskiya ba ne. Mutum ɗaya ne ba zan sa masa suna ba, ko na ƙarya, domin ɗana ne na fari, kuma tun da na haife shi bakina bai taɓa kiran sunansa ba.

Muna zaune a wani ƙauye tsakanin Toranke da Gafasa. A unguwarmu tsorona ake ji, kuma ban taɓa jin haushin haka ba. In akuya ta ɓata ni ake tambaya, in yarinya ta daɗe a rijiya ni nake fara sani. Ba na wasa da yara. Shi kuwa wannan na farin, irin kunyar da aka koya mana na riƙe a kansa: ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba na duban idonsa, in zan ba shi tuwo sai in ajiye in ce wa ƙanwarsa Ladi, "Ki gaya wa wancan ga abinci." Shi ma in yana da magana da ni, Ladi yake kalla ya faɗa, ina jin sa daga bakin murhu. Haka muka rayu. Wa ya san abin da yake cikina game da shi? Ko shi bai sani ba.

Yaron ya yi ƙoƙari a makaranta, daga Gaya aka kai shi Kano, daga Kano, bayan an gama yaƙin basasa, gwamnati ta ɗauke shi zuwa Ikko koyon aikin injiniyan jirgin ruwa. Da labarin ya zo dariya aka yi ta yi a dandali. Mu jirgin ruwan da muka sani shi ne kwalekwalen 'yan fito, sai ake cewa duk wannan karatun ashe tuƙa mutane da jakunansu zai ƙare da yi. Ni ma na ɗauka haka ne, shi ya sa hankalina bai tashi ba. Ya yi shekarunsa can, ya dawo bana da damina, ya yi ƙiba, ga tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ranar da ya iso yana zaune a tsakar gida, Ladi ta zo daga gidan mijinta, ina tankaɗe na ba su baya.

Ta ce, "Yaya, wai da gaske jirgin naku ya fi gidan Dagaci?"

Ya ce, "Ya fi unguwar nan duka. Kuma mu ba a sama muke ba. Ɗakin inji a can ƙasa yake, ruwa yana saman kanmu."

"A ƙarƙashin ruwa? To me kuke gani?"

"Ba gani ake yi ba, saurare ake yi. Inji kamar jariri ne, in numfashinsa ya sauya, kunne ne yake fara sani. Ki gaya wa Inna an zaɓe ni zuwa Ingila, babban karatun. In na gama ni zan riƙe ɗakin inji gaba ɗaya."

Ladi ta ce, "Daga nan sai ka dawo gida?"

Ya yi dariya ya ce, "Daga nan sai teku, har tsufa."

Na ci gaba da tankaɗe, ban juyo ba.

Ina da ƙane, Tanko, tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama yana saurayi, yanzu shi ne uban 'yan farautar ƙauyenmu. Shi kaɗai na sani da ya taɓa hawa teku, sai na je na same shi yana gyaran burgami, jakarsa ta fata, na ce ya gaya mini gaskiya, in mutum ya mutu a can yaya ake yi da shi? Ya ce, "Yaya, bar wannan tambayar." Na ce ba zan bari ba. Ya ce a jirginsu wani ɗan Haɗejiya ya rasu, aka ɗinke shi cikin tamfol, aka ɗaura masa ƙarfe a ƙafa, aka zura shi ta gefe. Ya ce ko ƙarar faɗawarsa ba su ji sosai ba, jirgin kuma bai tsaya ba. Babu kabari, babu gabas, babu inda uwa za ta nuna ta ce a nan yake. Tun daga ranar, in na ɗebo ruwa a randa sai in ga tamfol.

Na yi wa mahaifinsa magana. Malam ya ce, "Ke da ba kya ko kallonsa, yau ke ce mai hana shi tafiya? Ajali a kan gado ma yana samun mutum." Na sa Ladi ta gaya wa yaron, ya ce ta gaya mini in sa masa albarka kawai. Ku gaya mini, da wane baki zan tsaya a gabansa in ce ina tsoro, in ce kada ka tafi, ni da ban taɓa ce masa ko sannu ba? Abin da na iya shi ne tsawa da duka, su na sani, su na nema.

Na koma wajen Tanko. Na ce masa an ce kafin masu zuwa Ingila su tashi sai likita ya duba su, kuma in lokacin ya wuce an ba wani gurbin. Na ce, "Hannu ɗaya. Mai ɗori zai gyara shi kafin kaka, jirgi kuma ya riga ya tafi." Ya kalle ni ya ce, "Yaya, ɗanki ne fa." Na ce, "Don nawa ne na zo. Gara in gan shi da karkataccen hannu a gonar ubansa da kifi ya ci shi." Ya ce yaransa biyu cikin 'yan farauta za su yi, sun iya gora, ba za su wuce inda aka ce ba. Wallahi hannu na ce. Na maimaita masa har ya gaji, na nuna masa a jikina, nan, ƙasan gwiwar hannu.

Ranar da yaron zai je Gaya ya hau mota zuwa wajen likitan, da hantsi ya fita a keke. Dawa ta yi tsawo ta rufe hanya. Yaran Tanko suka fito masa daga cikin gona, fuskokinsu a naɗe da rawani. Abin da ba su yi lissafi ba shi ne yaron ba ragon boko ba ne, ƙarfe yake ɗagawa a wajen aikinsa. Ya kama na farko ya maka shi da ƙasa, ya hau ruwan cikinsa. Na biyun ya tsorata ya kawo gora ta baya da iyakar ƙarfinsa, ta sauka a kunnen hagu. Da ya faɗi ba su tsaya ba, tsoro ya sa suka yi ta duka, haƙarƙari, baya, ƙeya, har sai da ya daina motsi. Masu zuwa gona ne suka kawo shi a kan amalanke. Ina tsaye a ƙofar gida aka shigo da shi, jini yana fita ta kunne yana bin wuya ya jiƙa farar rigar da ya sa don ganin likita. Hannuwansa biyu lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Mata suna ta kuka, ni kuwa na shiga na dafa ruwan zafi, ana cewa kun ga ƙarfin zuciya irin na Inna.

A asibitin Kano sun ce dodon kunnen ya fashe, kuma abin ya taɓa can ciki. Wannan gefen ba ya jin komai. Mutumin da yake tsayawa a jirgi ruwa yana wasa da shi, yanzu daga ɗaki zuwa zaure sai ya dafa bango saboda jiri. An ba wani gurbinsa. Na sami abin da na nema, yana gida. Yana zama ƙarƙashin darbejiya yana juya kai gefe ɗaya kamar kaza in ana magana. Ranar da injin niƙan unguwarmu ya lalace aka zo aka ɗauke shi, ya kara kunnen dama, ya daɗe, sai ya ce, "Ban ji daga ina yake ba." Ya dawo ya kwanta bai ci abinci ba.

Da nan abin ya tsaya, da na haɗiye shi na tafi da shi kabari. Amma akwai Bukar. Maƙwabtanmu ne, Barebari, kakanninsu suka zo da fatauci suka zauna, gonarsu tana jikin tamu. Kwana kaɗan kafin abin ya faru Bukar ya yi cacar baki da yarona a kan iyakar gona, har ya ce masa, "Ɗan fito, sai ka je tekun da ƙafafunka tukuna." Maganar fushi ce, amma mutane sun ji. Ɗana na biyu, Haladu, zuciya gare shi irin tawa. Da aka daki yayansa sai ya ɗora wa Bukar, ya tare shi a tsakiyar kasuwar Ajingi, ya fizgi tabarya daga hannun wata mai sayarwa ya buga masa a baki. Haƙora suka zube a cikin buhun gero, ya bi shi ƙasa yana takawa, sai da mutum huɗu suka riƙe shi. Bukar yana tofar da jini yana cewa, "Wallahi ba ni ba ne, ku kawo Alƙur'ani." 'Yan'uwansa suka ɗauke shi zuwa wajen danginsu can gabas, Dagaci ya ci tarar Malam, aka ce magana ta mutu. Ba ta mutu ba. Haladu ya kai gorarsa maƙera an sa mata zobe na ƙarfe, na gan ta a bayan rumbu, na ga kuma addar da yake wasawa alhali ba lokacin saran komai ba ne. Ya ce kunne ɗaya ba a biyansa da haƙori. Gyaɗar Bukar ta kusa isa cira, shi kaɗai ne namiji a gidansu, dole zai dawo.

Uwarsa, Ya Falmata, ita ta shayar da yarona lokacin da nonona ya yi ciwo. Har yanzu tana leƙo katanga. Shekaranjiya ta ce mini, "Ke kam kin san ɗana. Ke ba a ɓoye miki komai a garin nan. Ki faɗa musu." Na ce mata tukunyata tana kan wuta.

Na je wajen Tanko na ce zan faɗa. Ya tashi tsaye ya ce, "Ki faɗa. Haladu ya zo ya sare ni, yarana su sare Haladu, ki binne ƙane da ɗa a mako ɗaya. Kuma kafin in mutu sai na gaya wa kowa wa ya nuna mini gwiwar hannu." Na ɗaga hannu na kwaɗa masa mari, dattijo da furfurarsa. Bai rama ba. Ya ce, "Wannan kaɗai kika iya, Yaya."

Abin da ya sa na nemi a rubuta mini shi ne abin da ya faru ran Juma'a. Ladi ba ta nan, gidan ba kowa. Ina sussuka, sai na ji ya dafo bango ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya juyo mini da kunnen da yake ji. Bai nemi wanda zai aika ba. Tun da aka haife shi wannan ce maganarsa ta farko da ni kai tsaye.

Ya ce, "Inna, ni ban yarda Bukar ba ne. Wanda na danne ƙasa warin maganin farauta yake yi. Ke idonki ba ya kuskure. In kin ce Bukar ne, zan bar Haladu ya yi abin da zai yi. In kin ce ba shi ba ne, zan hana shi. Wa kike zargi?"

Na ci gaba da sussuka. Ya jira. Ya ɗauka ban ji ba, ko kuma na yi magana ta gefen da ya mutu, sai ya ƙara matsowa ya ce, "Na'am, Inna?" Na ce, "Tashi, ƙaiƙayi zai shiga idonka." Ya tashi. Wannan ce maganata ta farko da shi.

In na yi shiru, Bukar zai dawo cirar gyaɗa ya tarar da adda, kuma ɗana na biyu zai ƙare a hannun hukuma da jinin mutum a wuyansa. In na ce ba Bukar ba ne na tsaya nan, yaron ba wawa ba ne, zai bi warin har ƙofar kawunsa. In na faɗi duka, zan kalli fuskar da na yi shekara da shekaru ina kauce wa, in ce masa ni ce, kuma don ina sonka na yi. Wa zai yarda da irin wannan so? Ni kaina da na ji wata ta faɗa, da na tofa mata yawu.

Ba na neman a ce mini ban yi laifi ba, na san abin da na yi, kuma tsakanina da Ubangijina ina kuka a inda ba a gani. Malamai da iyaye mata masu karanta wannan shafi, ganyen gyaɗa ya fara ja. Yaron yana nan a ƙarƙashin darbejiya, duk lokacin da na wuce sai ya juyo da kunnensa na dama. Me zan yi?