Murfin da ya ƙi buɗuwa

Kusa da Mosko, Nuwamba 1943

Zuwa ga Yaya Ergash,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Inna da su Gulnora. Yaya ƙafar Inna? An gama tsinkar auduga?

Ni lafiya ƙalau, sai kunnen hagu da ya ɗan toshe. Kada ka gaya wa Inna.

Har yanzu ina zauren gwajin nan, inda ake kafe jirgin saman yaƙi sukutum a kan sanduna, manyan fankoki su hura masa iska kamar yana sama. Makon jiya aka kawo wani jirgi daga fagen daga. Hayaƙi ne ya turnuƙe matuƙinsa, murfin gilashin da ke rufe mazauninsa ya ƙi buɗuwa, ya sauko da jirgin amma ya cika a ciki.

Injiniya Belkin ya ce, "Tursun, kai ne ɗan firit, shiga. In iska ta kankama, ja murfin mu auna ƙarfinka."

Na ja, ko gezau. A nan na ga shatin farce a jikin gilashin, ta ciki. Wallahi Yaya, sai na ji hannu mai zafi a kan nawa, muka ja tare, murfin ya buɗe.

Belkin ya daɗe yana duban ma'auni. "Wannan ƙarfin mutum biyu ne," in ji shi. Bai yi dariya ba.

Gobe za a maimaita. Ka aiko mini da zabibi da safa. Ka kuma sa a yi wa bawan Allahn nan addu'a, ban san sunansa ba.

Ƙaninka,
Tursun